Kabad ɗin Amarya: Daga Ragaya Zuwa Fomeka

A garuruwan kudancin Kano, daga Burumburum har Doguwa, da an kai amfanin gona kasuwa sai bukukuwa su kankama, barci ya ƙaurace wa kafintoci. Abin da ya fi cin lokacinsu kuwa kabad ɗin amarya ne, domin shi 'yan ganin ɗaki suke fara kafa wa ido.

A da, ma'ajiyar mace ragaya ce da adaka. Ƙorai masu zane ake jerawa, ƙarama kan babba, a rufe da faifai. Masu hali su ƙara da tasoshi irin na maƙeran Bida. Sai kwanon fenti ya shigo daga Turai da Hong Kong, kafin a fara buga shi a gida: langa da fanteka da samira. Da kwano ya yawaita, dole aka nema masa mazauni. Nan kafinta ya shigo da filawud da fomeka, ya sa ƙofofin gilashi, ya manna madubi a baya don jere ya ninku a ido.

Gilashin nan shi ne sirrin kabad. Uwa takan shekara da shekaru tana tara kwano da kuɗin adashi da ribar tallar 'yarta. Ranar jere gwaggo da inna su ɗora komai a muhallinsa, kowa ya ga ƙoƙarin gidansu. Kayan kuma mallakar amarya ne. In rana ta ɓaci ta sayar da langa biyu ta rufa wa kanta asiri.

A Koriya ma kabad kayan aure ne, sai dai can adon a jikinsa yake. Tun zamanin daular Goryeo (918 zuwa 1392) mutanen ƙasar suke yanka ɓawon dodon-koɗin teku siriri, su dasa shi a katako da siffar furanni da tsuntsaye, su shafa ƙaron wata bishiya shafi kan shafi, suna gogewa har ɓawon ya fito yana walƙiya cikin baƙi. Garin Tongyeong ya yi suna a wannan sana'a. A shekarun 1970 da 1980 irin wannan kabad ne burin amare. Da aka koma gidajen bene na zamani, da yawa suka watsar da shi. Yanzu tsofaffin sun zama abin nema.

Namu ba zai sami wannan sa'a ba. Ƙaron Koriya yana kare katako daga laima da ƙwari, fomeka kuwa gam ne ya riƙe ta. Damina kaɗan gefenta ya ɗaye, gara ta sami ƙofa. Na yayi yanzu, da ake yi da matsattsen garin katako, ya fi saurin kumbura.

Saboda haka mai son adana wannan al'ada ya bi abin ciki, can gwanintar Bahaushiya take: zanen ƙwarya, saƙar faifai, da sanin wane kwano ke hawa kan wane. Gidan Makama a Kano ya ajiye misalin ɗakin amarya, amma na ƙauye da ilimin jerensa suna hannun tsofaffin mata. Kafin jikoki su sayar wa 'yan gwangwan da samirar kaka a kan sikeli, ya kamata a zauna da su a rubuta.