Kwari da Bindiga: Sharhi a kan Kirarin Maharba da Mafarauta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a sake duban wani sashe na adabin baka wanda muka saba wucewa ta kansa da sauri, watau kirari da waƙoƙin mutanen daji. Al'adar da muka gada a makarantu ita ce a tattara maharba da mafarauta da 'yan tauri da 'yan dambe a zuba su cikin ƙwarya guda, a kira ta waƙoƙin maza, sa'an nan a yanke hukunci cewa jigonsu zuga ne da cika baki. Wannan rabo yana da sauƙin koyarwa, amma yana ɓoye abubuwa uku. Na farko, maharbi daban, mafarauci daban. Na biyu, kirarin daji shaida ce da ake bayarwa gaban abokan sana'a. Na uku, shigowar bindiga ta canja aikin, amma ba ta canja harshen kirarin ba. Waɗannan su ne za a bi ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Maharbi da Mafarauci

Maharbi mai sana'a ne, galibi gado ya yi. Yakan shiga daji shi kaɗai ko da ɗansa ko da yaronsa, ya yi kwanaki, da walki a gindi, da kwari da baka a kafaɗa. Ya san sawu, ya san iska, ya san mashaya. Yakan ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya, ya yi ta tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci barewa ba ta farga ba. Dafin kibiyarsa, wanda akan haɗa da 'ya'yan kwankwani da wasu itatuwa, sirri ne na gida da ba a faɗa wa bare.

Farauta kuwa aikin gayya ce ta rani. Bayan an kau da amfanin gona, sai a sa rana, garuruwa su fito da karnuka da sanduna da gatura da barandami, a kewaye daji a kora. A nan yawa shi ne ƙarfi, gudu kuwa shi ne jari, don haka Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Kayan kiɗan ma sun bambanta. A cikin ƙamus ɗin kiɗan Hausa da Ames da King suka buga a 1971 an nuna cewa komo, watau babbar garaya, na maharba ne. Mafarauta kuwa da gangi da ƙaho ake tashinsu. Wannan bambanci yana da tasiri a kan salon maganar. Tsirkiya tana ba mawaƙi damar jan zance, ya kawo labarin dabba guda tun daga ganin sawunta har faɗuwarta. Ganga ba ta jira, sai gajerun jimloli masu kaifi waɗanda za a iya jefawa cikin ƙura da haushin karnuka. Manazarcin da ya auna waƙar komo da ma'aunin kiɗan gangi, ko ya yi akasin haka, lalle zai ga aibi inda babu.

3.0 Kirari a Matsayin Shaida

Idan aka saurari kirarin mutumin daji da kyau, za a tarar yana da tsari wanda ba ya cika sauyawa. Mai kirari yakan fara da kansa, sa'an nan nan da nan ya jingina kansa ga wani: ubansa, ko ubangidan da ya ba shi magani, ko Sarkin Baka ko Sarkin Dawan da yake bi. Daga nan sai ya lissafa aiki, ya ambaci dabba da dajin da ta faɗi, wani lokaci har da sunan karensa. A ƙarshe ya yi ƙalubale.

Mu manazarta mun fi riƙe farko da ƙarshe, domin su ne masu amo. Amma tsakiyar ita ce zuciyar abin. Wanda ya ce ya kā da ɓauna a daji kaza, gaban mutanen da suka san dajin yake faɗa, cikinsu har da wanda ya taya shi fiɗa da wanda ya ɗauko kaya. In ƙarya ce, a wurin za a tsinka shi. Saboda haka kambamawar da ke cikin kirari tana da iyaka: an yarda mutum ya kamanta kansa da dutse ko guguwa, domin kowa ya san adon magana ne, amma ba a yarda ya ci naman da wani ya kashe da bakinsa ba. Ke nan kirari littafin ajiya ne na mutanen da ba su rubutu, inda ake adana wanda ya koyar da wa, da wanda ya tsaya ranar da wasu suka gudu.

Daga nan ne zumuncin 'yan daji yake samun tushe. Namun daji masu haɗari, irin su ɓauna da gwanki, an ɗauka ba a taɓa su sai da shiri, kuma shirin daga hannun wani yake fitowa. Wanda ya ci laya ko guru daga hannun ubangida ya ci bashi, ambaton sunan ubangidan a fili shi ne biya. Waƙoƙin marigayi Kassu Zurmi, wanda ya shahara wajen yi wa mafarauta da 'yan tauri waƙa, sun cika da jerin sunayen mutane da garuruwa. Ɗalibi yakan gaji da wannan jeri ya tsallake shi don neman abin da yake kira jigo. Amma ga masu waƙar, jerin shi ne jigon, kuma wanda aka manta da sunansa ya fi wanda aka zaga jin ciwo.

Wannan matsayi na maharbi tsoho ne a tunanin Hausawa. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya buɗe ne da Barbushe na zuriyar Dala, da siffar ƙaton mutum mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Garuruwa da yawa kuma suna danganta kafuwarsu ga wani maharbi da ya fara yada zango a gindin itace. In an lura, wannan siffa ta Tarihin Kano da harshen kirari aka yi ta.

4.0 Shigowar Bindiga

Bindiga ta daɗe a wannan yanki, amma a hannun sarakuna. Mai Idris Alooma na Barno ya yi amfani da 'yan bindiga a ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi har ya sa aka ƙera igwa a Zinder. Talaka maharbi kuwa da bakansa ya ci gaba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, ta bar musu irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Irin waɗannan ne maƙeranmu suka koyi ƙerawa, har Bahaushe ya laƙaba wa wata sunan harba-ka-ruga, sunan da shi kansa sharhi ne a kan amincinta.

Abin lura ga manazarci shi ne, bindiga ta ci kwari a daji, amma ba ta ci shi a baki ba. Sarautar har yanzu Sarkin Baka ce, ko da mai ita bai taɓa ɗana kibiya ba. Karin magana ya ci gaba da cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Mai bindiga in ya tashi kirari, da kibiya da dafi da tsirkiya yake yabon kansa.

Ana iya cewa wannan riƙon tsohuwar al'ada ne kawai, irin wanda ake samu a kowane adabin baka. A ganina dalilin ya fi haka zurfi. Kirari yana yabon abin da ba a saye a kasuwa. Baka yana bukatar mutum ya matso kusa har dabba ta iya juyowa kansa, dafi kuwa yana bukatar ubangida. Bindiga da kuɗi ake samunta wurin maƙeri, ƙararta kuma takan kori sauran namun daji, ta ɓata wa abokin tafiya harbi. Tun da kirari ajiyar bashi ne tsakanin mutum da magabatansa, makamin da bai zo ta hannun magabata ba ba shi da gurbi sosai a cikinsa. Mai bindiga yana aron harshen baka ne don ya nuna shi ma ɗan gida ne.

5.0 Abin da Kirari ya yi Shiru a Kansa

Sharhi ba zai cika ba in yabo kaɗai ya ƙunsa. Akwai abubuwan da wannan adabi yake rufewa. Zumuncin farauta na 'yan ƙungiya ɗaya ne. Tsakanin gari da gari kuwa, gardama a kan wanda karensa ya fara kamu takan kai ga ƙwace da sara, kuma kirari yakan mai da wannan ƙwace abin alfahari. Haka nan ba ya ambaton dajin da aka ƙone don a fito da gafiya.

Babban shirun kuwa shi ne na ƙarewar naman kansa. Shari'a ta halatta farauta don abinci, da sharaɗin ambaton sunan Allah, Risala kuma ta karhanta yin ta don wasa. Hukuma ma ta sa nata shinge: an keɓe dajin Yankari a 1956, Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kare dabbobin da ke shirin ƙarewa a 1985. Duk da haka, gona ta ci daji, bindiga ta ci abin da ya rage. Saurayin da yake ambaton giwa da zaki a kirarinsa yanzu, galibi kirarin kakansa yake maimaitawa. Shaidar da a da abokan tafiya suke tabbatarwa ta rasa mai tabbatar da ita, kuma a nan ne kirari yake komawa cika bakin da muka zarge shi da shi tun farko.

6.0 Kammalawa

Wannan magana ba ta tsaya a aji ba. A 2014 maharba sun taimaka wa soja wajen yaƙi da Boko Haram a Jihar Adamawa, ciki har da ƙwato Mubi, aka yi ta yabonsu. A watan Maris na 2025 kuma aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta masu komawa Kano, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Walki ɗaya ne, bindiga ɗaya ce, amma a wuri ɗaya an ga jarumi, a wani wurin an ga ɗan ta'adda. Mutanen da ba a san ƙa'idar sana'arsu ba, da kayan jikinsu ake yi musu hukunci. Haka kuma, harshen da aka gina don tunkarar ɓauna yana bukatar a sa masa ido sa'ad da aka juya shi kan ɗan Adam.

Don haka ina ba da shawara uku. A raba nazarin kirarin maharba da na mafarauta a manhajojinmu. A riƙa ɗaukar kirari tare da bayanin mai shi da na abokansa a kan kowane suna da kowane daji da aka ambata, domin kirarin da aka rubuta ba tare da wannan ba rabinsa aka rubuta. A kuma gaggauta zuwa wurin tsofaffin da suka yi harbi da baka, su da makaɗan komo, tun suna da sauran numfashi, gama su kaɗai suka rage waɗanda za su iya ce mana wannan gaskiya ne, wannan kuwa ado ne.