Haƙorin da Ba Ya Tona Asirin Mai Shi

A unguwar Gobarau ta Katsina, idan aka yi wa katangar ƙasa faci, ko yaro yana iya nuna wurin da yatsa. Gwanin magini shi ne wanda ya san ramin da zai ɗebo ƙasa da yadda zai kwaɓa ta, har facin ya saje da jikin gini. Irin wannan ido ake buƙata a bakin ɗan Adam ranar da za a cike giɓi da gada, haƙorin nan da ake ɗorawa a kan maƙwabtansa a manne shi dindindin. Sai dai fasahar daidaita launinsa ta sha raini.

Masu rainin kashi biyu ne. Na farko suna cewa haƙori don tauna aka yi shi, zancen launi kuwa tsirfar masu kuɗi ce. Waɗannan ba su taɓa ganin budurwar da haɗarin babur ya zubar wa haƙoran gaba tana dariya da gefen mayafi a baki ba. Na biyu, waɗanda hotunan Instagram suka cika wa ido, cewa suke tunda kuɗi za a biya, a sa mafi fari kawai. Su ne suka fi ɓarna, domin haƙori fari fat a tsakiyar 'yan'uwansa kamar alli yake a cikin gyaɗa.

Ga tarihin sana'ar a taƙaice. Tun kafin daular Rum ta yi ƙarfi, mazauna Italiya suna ɗaure haƙori da zoben zinariya. A 1791 wani Bafaranshe mai suna Dubois de Chémant ya yi rajistar haƙoran tangaran a Ingila. A 1962 aka yi rajistar dabarar gasa tangaran a kan ƙarfe a Amurka, gada ta sami ƙarfi da kyan gani a lokaci guda. Kafin nan, a 1956, kamfanin VITA na Jamus ya fitar da allon launuka goma sha shida, daga A1 zuwa D4, wanda har yau shi likitocin haƙori ke zarowa daga aljihun tebur. A nan gida kuwa, makarantar horar da masu haɗa haƙori ta soma a Legas a 1955, ta koma Inugu a 1982.

Zuciyar sana'ar tana cikin 'yan mintocin da ake zaɓen launi, kuma a nan ya kamata a tsaya. Gwani yana yin zaɓen ne tun farkon zama, kafin a soma fiƙe haƙori, domin haƙorin da ya sha iska yakan bushe ya yi fari na ƙarya, sai ya daɗe a cikin yawu kafin ya dawo hayyacinsa. Za a goge jan-baki. Idan hijabi ko babbar riga mai launi ce ƙwarai, sai a yafa ƙyalle ruwan toka, don kada launin tufa ya faɗa kan haƙori. A kashe babbar fitilar kujera, a juya mutum ya fuskanci taga. Wannan ba baƙon abu ba ne ga matar da ta taɓa fitar da shadda ƙofar shago don ta gwada zare a hasken rana. Launuka biyu sukan yi daidai a ƙarƙashin ƙwan lantarki, a fita waje su saɓa. Ranar da hazo ya rufe Katsina, ko da yamma lis da rana ta yi ja, mai hankali ba ya amincewa da tagar ma.

Sai kallon kansa. Daƙiƙa biyar zuwa bakwai ake yi, a kau da kai kan wani abu ruwan toka, ido ya huta, a sake dubawa. Wanda ya ƙura ido ya daɗe, launuka sukan narke masa su zama ɗaya. Albert Munsell, malamin zane Ba'amurke, ya raba launi gida uku a 1905, kuma duk marini ya san ukun ko bai taɓa jin sunansa ba: jinsin launi, da yadda ya ciza, da haskensa ko duhunsa. A haƙori, na ukun ne sarki. Idan aka ɗan kuskure jinsi, sai mai ƙwaƙƙwafi zai lura. Idan aka kuskure haske, daga ƙofar zaure za a hango. Shi ya sa gwani ke ɗan runtse ido tukuna, ya rage wa launi ƙarfi, ya ga wane ne ya fi wani duhu. Idan kuma ya rasa zaɓi tsakanin biyu, mai hasken yake ɗauka, domin ana iya ƙara wa tangaran duhu, amma ba a iya cire masa.

Haƙori ɗaya ma ba launi ɗaya ba ne. Wuyansa, kusa da dasashi, ya fi cizawa. Tsakiyarsa ruwan madara. Bakinsa kuwa haske na ratsa shi har ya yi ɗan shuɗi-shuɗi. Fiƙa ta fi haƙoran gaba duhu a kusan kowane baki. Da shekaru suka ja, ɓawon waje yana sirancewa, na ciki mai ruwan ƙwai yana ƙara bayyana. Don haka mai haɗawa ke jera tangaran hawa-hawa da ɗan buroshi: na rufe ƙarfe, na jiki, na baki, yana gasawa a tanda mai zafin da ya haura digiri 900.

A nan bakin Bakatsine ke kawo tasa jarrabawar. Dattijon da ya shekara arba'in yana cin goro, da tsohuwar da ta yi zamanin goga furen taba don haƙora su yi ja, ba a yi allon Jamus da su a zuciya ba. Dole a fara wanke haƙoran a asibiti, dattin da ke sama ya fita, sannan a ga ainihin abin da ya rage. Wanda ya shige cikin tsagogin haƙori ba ya fita, kuma shi ne za a kwaikwaya: ɗan layi ruwan goro a nan, ɗan ɗigo ruwan ƙasa a can. Mai son a haskaka haƙoransa da magani, ya fara yi, ya jira kamar mako biyu launin ya zauna, domin maganin ba ya cin tangaran.

Wasu na cewa na'ura ta kashe wannan gardama. Gaskiya ne akwai na'urar auna launi, kuma ba ta gajiya kamar ido. Amma lamba take bayarwa, ba ta zana taswirar haƙori. Hoton waya kuwa, wayar ce ke gyara launi yadda ta ga dama, sai an ɗora ɗan samfurin launi kusa da haƙorin kafin ya yi amfani.

Bahaushe ya daɗe da sanin haƙori iri biyu. Akwai haƙorin Makka, na gwal ko na azurfa, wanda aka sa don a gani, a ce Alhaji ko Hajiya an dawo lafiya. Akwai kuma wanda aka sa don kada a gani. Kowanne yana da mutuncinsa. Fari fat ɗin nan ne bai da gida: bai yi ado ba, bai rufa asiri ba.

Babban gyaran da sana'ar ke jira ba na kayan aiki ba ne. Sau da yawa mai haɗa haƙori yana can ɗakin baya, ko ma a wani gari, ba abin da ke isa gare shi sai gwajin baki da 'yar takarda mai ɗauke da A2 ko A3. Tela bai yarda ya yi wa rigar da bai gani ba aiki, ga shi ana so aikin mai haɗa haƙori ya saje da bakin da bai taɓa kallo ba. Kamata ya yi a Katsina, daga asibitin koyarwa na tarayya har ƙananan wuraren kuɗi, a riƙa kiransa bakin kujera na minti goma, ya ga mutum yana magana, ya zana haƙorin gida-gida a takarda. Ranar gwaji kuma, kafin a manne, a fito da mai haƙori bakin taga, a miƙa masa madubi ya riƙe nesa da fuska, a kira wanda ya rako shi ya tsaya inda mutane ke tsayawa idan ana gaisawa, a tambaye shi ya nuna wanne ne sabon.