4.3 Jigon Mutuwa a Baƙunta a Cikin Shaihu Umar

A sashen da ya gabata an yi bayanin bauta a matsayin babban jigon littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934. A nan kuma za a duba wani ƙaramin jigo da ya ratsa ƙarshen labarin, wato mutuwa a baƙunta.

A al'adar Bahaushe mutuwa hidimar jama'a ce. Dangi da maƙwabta su ke yi wa mamaci wanka, su sa masa likkafani, a yi masa salla, a kai shi makwancinsa, sannan a yi zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Wanda ajali ya riska a kan hanya yakan rasa mafi yawan wannan gata. Marubucin ya kawo irin wannan mutuwa har sau biyu.

Ta farko ita ce ta mahaifiyar Umar. Wannan baiwar Allah ta bar gida da ƙafarta don neman ɗanta da aka sace, aka yaudare ta, ta faɗa cikin bauta har ta tsinci kanta a Tarabulus. Idan aka lura za a ga ba ta yi wa mutuwa wani tanadi na dukiya ba, domin baiwa ba ta mallaki ko kanta ba. Guzurinta guda ɗaya ne, wato burin ta sa ɗanta a ido. Da burin ya cika, ba ta daɗe ba ta cika. Ke nan marubucin ya rage mata ɗacin baƙunta, tun da yake ɗan da ta haifa yana kusa. Sai dai kabarinta ya tsaya a inda danginta ba za su ziyarta ba.

Ta biyu ta fi ta farko tsanani. Guguwar rairayi ta turnuƙe ayarin su Umar a cikin hamada, Abdulkarim da sauran matafiya suka halaka, Umar ya tsira. A nan babu mai wanka, babu mai salla, rairayin da ya kashe su shi ya rufe su. Akwai hikima cikin wannan tsari. Abdulkarim Balarabe ne wanda ya raba Umar da ƙasar Hausa, ko da yake ya riƙe shi riƙon ɗa, ya ba shi ilimi. Ga shi kuma shi ma ajali ya raba shi da tasa ƙasar. Baiwa da mai dukiya duk sun kwanta nesa da gida.

Dangane da yadda tauraron ya ɗauki waɗannan rashe-rashe, dole a tuna cewa Umar ne da kansa yake ba almajiransa labarin a Rauta, bayan ya zama shaihin malami. Saboda haka haƙuri da tawakkali suka rinjayi kuka, labarin ya zama darasi. Amma a nan ne kuma raunin littafin ya fito. Mai karatu ya sha wahalar bin uwar nan gari ya gari, sai ga shi an wuce mutuwarta cikin gaggawa, ba a ba shi damar ganin zuciyar ɗan da ya sami uwa ya kuma rasa ta a lokaci guda ba. Malamin ya danne marayan.

Wani abin tausayi shi ne, shi kansa marubucin a baƙunta ya rasu. An kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, aka tsinci gawarsa a bakin hanya a wajen Ikko. Bambancinsa da taurarinsa shi ne an mayar da shi Bauchi, ƙasar gida ta rufe shi.