'Yanci Ba Gona: Tarken Babi na Biyu na Littafin Du Bois

Gabatarwa

A shekarar 1903 W.E.B. Du Bois, masani baƙar fatar Amurka wanda ya rasu a Ghana a 1963, ya wallafa The Souls of Black Folk. Ya keɓe babi na biyu ga Hukumar 'Yantattun Bayi, wadda majalisar dokokin Amurka ta kafa a watan Maris na 1865 ƙarƙashin Janar Oliver Howard, domin tallafa wa bayi kimanin miliyan 4 da suka sami 'yanci sakamakon yaƙin basasa. An rufe ta a 1872.

Jigo

Jigon babin shi ne 'yanci ba tare da abin hannu ba rabin 'yanci ne. Marubucin ya yaba wa hukumar kan kafa makarantu, shi kansa kuwa a Jami'ar Fisk ya yi karatu, wadda aka buɗe a 1866 domin 'yantattu. Amma ya nuna ta gaza a sha'anin shari'a da rabon ƙasa. Gonakin eka 40 da aka ba wasu iyalai a 1865, Shugaba Andrew Johnson ya sa an mayar da akasarinsu ga iyayengiji na dā. Bankin ajiyar 'yantattu kuma ya karye a 1874, gumin talakawa ya bi ruwa.

Salo

Ƙarfin babin yana cikin siffantawa. A tsakiyar bayanin dokoki, sai marubucin ya tsayar da mutum biyu gaban mai karatu: dattijon ubangida da yaƙi ya cinye 'ya'yansa, da baiwar da ta raini 'ya'yan gidan. Wannan ya fito da girman gabar da hukumar ta tarar fiye da duk wata ƙididdiga.

Rauni

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kusan duk labarin daga ɓangaren janar-janar da 'yan majalisa aka ba da shi. Ba a cika jin bakin 'yantattun ba, alhali sun kai ƙorafi a rubuce lokacin da aka karɓe gonakinsu. Du Bois ya cike wannan giɓi a 1935 cikin Black Reconstruction in America, inda ya mai da su masu aikata tarihi.

Kammalawa

Ɗalibi mai fassara babin ya kula: a Hausa "ɗa" daban, "'yantacce" daban. Na biyun yana ɗauke da tabon bauta, kuma a kan wannan tazara babin ya ginu.