Adar a Alƙalamin Djibo Hamani: Kai, Wannan Littafi!

Duk Ba'adaren da bai karanta L'Adar précolonial na Farfesa Djibo Hamani ba, da sauransa. A Yamai aka buga shi a 1975, da Faransanci, amma wallahi in ka soma sai ka ji kamar wani dattijo ne ya zaunar da kai a zaure yana warware maka asalin gidajen sarauta, wane ya haifi wane, wane ya tuɓe wane.

Inda ya fi tafiya da ni shi ne labarin Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak. A 1674 ya ci Kabawa da yaƙi, ya raba Adar da ikon Kabi. Daga baya ya hau gadon ubansa a Agadas, aka tuɓe shi a 1721, sai ya juyo ƙasar da ya ci da takobinsa ya zauna. Zuri'arsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Lisawan kuwa, Abzinawan da suka rako shi, su ne gidan sarautar Keita. Ka ga gida biyu ke nan daga tafiya guda, kuma Malam Djibo ya bi sawunsu yana auna tarihin Agadas na rubuce da abin da tsofaffi suka faɗa masa da baki. Ba ya haɗiye labari don kawai daga fada ya fito. A nan ne na sallama masa!

Manyan gidajen Faransa da Ingila na zamanin da, zaki ko gaggafa suke zanawa a garkuwa don a san su. Namu ba haka ba ne, kuma bayan karatun nan ido ya buɗe mini a kan alamomin da muke wucewa kullum. Tambari ne ke shaida wanda ke da iko. Maroƙi ne ke riƙe da salsala, ya jero kakanni cikin kirari ba tare da takarda ba. Bagobirin Madawa zanensa na fuskarsa, Kel Geres na Galma da Arzarori kuwa alamar gida na jikin raƙumansu, da wuta aka sa ta.

Sai kuma Azna. Da wani ne, da ya shagala da sarakuna ya manta da su. Malam Djibo kuwa ya ba su wurinsu: su ne 'yan ƙasa da aka tarar a duwatsun Adar, masu gonaki da tsafin ƙasa, tun kafin Agabba ya ɗaura sirdi. Mai karatu daga Buza ko Tamaske zai tsinci ƙauyukansu a nan. Zamanin jihadi da hawan Kel Geres da Iwillimmidan a ƙarni na 19 ma yana ciki, sai dai a nan sunaye sun yi yawa, dole ka karanta a hankali.

Ƙorafina guda ne, harshen. Tunda jami'ar Tawa sunansa take ɗauke da shi, ya kamata malamanta su mayar da littafin nan Hausa, a karanta shi a rediyo, maroƙan Keita su ji, su gyara inda suke da gyara.