Kunnen baƙo da kaset ɗin da muka bari cikin ƙura

Tun wajen shekarar 2006 wata sana'a ta kafu a harkar kiɗa ta duniya, kuma kullum ƙara ƙarfi take yi. Ƙananan kamfanoni ne a Turai da Amurka, akasarinsu na mutum ɗaya ko biyu, waɗanda aikinsu shi ne bin kasuwanni da shagunan tsofaffin kaya da ɗakunan ajiya na Afirka suna tono faifai da kaset da aka daina ji, su nemo mai waƙar ko magadansa, su gyara sautin, sannan su sake bugawa da sabon bango da ɗan littafin tarihi a ciki. Analog Africa na Samy Ben Redjeb da ke Jamus ya mayar da ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano cikin kunnen duniya. Luaka Bop na Amurka ya yi wa William Onyeabor na Inugu haka a 2013. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Sahel Sounds na Christopher Kirkley, wanda ya fi mayar da hankali a kan Nijar da Mali da Muritaniya. Duk lokacin da aka yi maganar waɗannan kamfanoni a tsakaninmu, kukan da aka fi yi shi ne Turawa sun zo suna kwashe mana kiɗa. A ganina wannan kuka barin jaki ne ana dukan taiki. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne zaɓin da suke yi, da kunnen da ba ya jin harshenmu, yana neman zama shi kaɗai ne tarihin kiɗanmu da aka tsara aka adana, saboda mu ba mu tsara namu ba.

A fara da ba su haƙƙinsu, don adalci ya fi ƙarfin fushi. Hailu Mergia, makaɗin fiyano na ƙungiyar Walias ta Habasha, ya zauna a Amurka bayan rangadin da suka je a 1981, ya yi shekaru yana tuƙa tasi a Washinton. Da Brian Shimkovitz na Awesome Tapes From Africa ya sake fitar da wani tsohon kaset ɗinsa a 2013, mutumin ya koma kan dandamali, ya zaga ƙasashe, ya kuma yi sababbin waƙoƙi da furfurarsa. Shi dai Shimkovitz ɗin ya sayi wani kaset mai suna Obaa Sima a Kef Kwas ta Gana a 2002, ya yi shekaru yana neman mai shi, wato Ata Kak, bai buga shi don sayarwa ba sai a 2015 bayan ya same shi sun yi yarjejeniya. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na fiyanon lantarki a 1978, aka buga 'yan kaset kaɗan. Mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗan a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. Da Sahel Sounds ya fitar da shi a 2013 sai aikin mutumin ya kai kunnen duniya, har ya je Turai ya yi wasa. Sahel Sounds da Awesome Tapes duk sun ce raba riba suke yi da mawaƙi. Ɓarawo ba ya kashe shekaru yana cigiyar mai kaya don ya ba shi kasonsa. Akwai masu buga faifan sata, ba shakka, amma su ba sababbi ba ne, kuma a kasuwanninmu ma ba su yi ƙaranci ba.

Matsalar tana cikin zaɓen. Mai kamfanin nan yana da masu saye, su kuwa mutane ne a Landan da Balin da Tokiyo da suka tashi da kiɗan jita da na fiyanon lantarki, ba sa jin Hausa, ba sa jin Zabarmanci ko Tamashek. Abin da zai shiga kunnensu shi ne sautin da ya yi kama da wani abu da suka riga suka sani amma ya ɗan kauce masa, yadda zai ba su mamaki ba tare da ya gajiyar da su ba. Don haka sana'ar ta zama rariya mai ido iri ɗaya: jita na wucewa, fiyano na wucewa, ganga mai sa rawa na wucewa, amma waƙar da dukiyarta ke cikin magana tana maƙalewa a sama a zubar da ita tare da tsaki. Labarin Mdou Moctar ya nuna wannan ƙarara. Shi Ba'abzine ne daga yankin Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a sutudiyo irin na mawaƙan fim ɗin Hausa, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya ta sa ta rawa kamar ta ƙarfe. A wannan siffa waƙoƙin suka bazu cikin Sahara daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, har Kirkley ya ci karo da ɗaya daga cikinsu a arewacin Mali, ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones da ya fito a faifai a 2011. An sake buga Anar daga baya, gaskiya ne. Amma Mdou Moctar ɗin da duniya ta runguma, wanda kamfanin Matador ya fitar wa Afrique Victime a 2021, shi ne mai jita mai ƙara da ake kwatanta shi da Jimi Hendrix. Haƙƙinsa ne ya bi hanyar da yake so, kuma gwani ne a kanta. Sai dai a cikin labarin da ake bayarwa yanzu, Sakkwato ta zama 'yar tsayawa a kan hanya, alhali daga can ne sautin da ya fara ɗaga shi a gida ya fito.

Ko da aka waiwayi waƙar Hausa kai tsaye, ta ƙofar wani aka shigar da ita. Tarin Harafin So da Sahel Sounds ya fitar a 2013 waƙoƙin fim ɗin Kano ne, kuma a kan bangonsa an gabatar da su a matsayin kiɗan da ya sha daga finafinan Indiya. Ba ƙarya aka yi ba, kowa ya san tasirin fim ɗin Indiya a Kano. Amma abin da ya sa mai saye ya miƙa hannu shi ne mamakin jin Indiya a Najeriya, ba abin da mawaƙin ke faɗi ba. To ina Mamman Shata a wannan kasuwa? Ina Musa Ɗanƙwairo, ina Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ina Barmani Coge da ƙwaryarta? Wanda ba ya jin Hausa, in ya saurari Shata, zai ji kalangu da murya da 'yan amshi suna maimaita layi ɗaya na tsawon minti goma, ya ɗauka ba abin da ke canzawa. Mai jin Hausa kuwa a cikin waɗannan mintuna ya ji an yabi mutum ta hanyar kakanninsa da garuruwan da ya taka, an yi wa abokin gabarsa zambo ba a kama suna ba, an saka karin magana an karkatar da ita, an jefa habaicin da sai gobe wani zai gane da shi ake. Amshin da baƙo ke ji kamar maimaici shi ne turken da mawaƙi ke ɗaure waƙar, ya tafi yawo ya dawo. Duk gwanintar tana wurin da kunnen baƙo ba ya kaiwa.

Wani zai ce ai kiɗa ba shi da yare, ga Tinariwen na Mali da suka ci kyautar Grammy a 2012 da waƙoƙin Tamashek da masu zaɓen ba sa ji, ga kuma Bombino na Agadas yana cika dandali a Amurka. Wannan hujja tawa take ƙarfafawa. Abzinawa ma suna da waƙa mai zurfin magana a kan gudun hijira da fari da kewar gida, kuma mafi yawan masu tafa musu a Turai ba ita suke tafa wa ba, jitar ce ta ɗauki nauyin tafiyar. Inda babu jita, babu abin hawa. Wani kuma zai ce kuɗinsu ne, kasuwarsu ce, suna da ikon su zaɓi abin da zai sayu. Haka ne, kuma shi ya sa ban ga laifinsu ba. Ba za a nemi baƙo irin Kirkley ya zama mai tsaron tarihin mawaƙan fada na Sakkwato da Zamfara ba. Amma duba abin da ke biyo baya. Faifan da suka fitar yana da shekara, yana da sunayen makaɗa, yana da hoto da tarihi, yana nan a kan Spotify da Bandcamp da sauti mai tsabta, 'yan jarida sun yi rubutu a kansa. Duk wanda ya shiga intanet neman kiɗan Nijar ko na arewacin Najeriya, ko ɗalibi ne a Faransa ko yaron da aka haifa a zangon Kumasi ko a unguwar Hausawa ta Yawunde, abin da aka tsara shi zai fara samu, kuma shi zai ɗauka a matsayin mafi muhimmanci.

Hujjar da ta fi yaudara ita ce wai ai komai yana kan YouTube, wa ya rasa waƙar Shata a wayarsa? Akwai waƙoƙin, kuma masu ɗora su sun yi hidima. Amma a duba yadda suke. Kwafi ne na kwafin kaset, sautin ya dushe, wani lokaci zaren ya ja har murya ta sauya. Ba shekarar da aka ɗauka, ba wurin, ba a san wa ke riƙe da kalangu ba, ba a san a gaban wa aka yi ta ba, alhali a waƙar Hausa sanin wanda aka yi wa waƙa da dalilin yin ta rabin fahimtarta ne. Waƙa ɗaya za ka same ta da suna uku, wata an yanke mata kai, wata an jingina ta ga wani mawaƙin daban. Kwabo ba ya isa hannun magada. Ranar da aka rufe shafin wanda ya ɗora, shi ke nan. Haka ma masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa, waɗanda suka gaji masu sayar da kaset: sun tabbatar mana cewa akwai masu son tsofaffin waƙoƙi har suna biya, wanda ya rushe maganar cewa babu kasuwa a gida, amma abin da ke cikin kwamfutarsu tari ne kawai, ba wanda ya tantance shi.

An ga abin da ajiyar gida ke iya yi a wasu wurare. A 1988, kafin jiragen gwamnatin Siyad Barre su yi wa Hargeisa ruwan bama-bamai, ma'aikatan gidan rediyon garin sun kwashe kaset, suka binne wasu, suka tsallakar da wasu zuwa Jibuti da Habasha. Daga baya aka tattara dubban kaset a cibiyar Red Sea da ke garin. Da kamfanin Ostinato ya zo yin tarin Sweet as Broken Dates, wanda ya fito a 2017 har ya shiga takarar Grammy, a wannan taska ya zauna ya zaɓa. Ya ɗauki 'yan waƙoƙi kaɗan da suka dace da masu sayensa, sauran kuwa suna nan a hannun Somaliyawa, duk mai so ya je ya ji ya yi nasa zaɓin. A Gini, Graeme Counsel ya yi aiki da taskar gidan rediyon ƙasar tsakanin 2008 da 2013 da tallafin Laburaren Birtaniya, aka mayar da waƙoƙi sama da 9,000 cikin kwamfuta. Shi ma baƙo ne, amma bambancin shi ne bai je tsintar abin da zai sayu ba, duk abin da ya samu a kan zaren ya kwafe, har da waƙoƙin ƙabilun da ba a cika sa su a rediyo ba.

Mu ma ba daga fanko za mu fara ba. Gidan rediyon Kaduna tun 1962 yake ɗaukar mawaƙa, Muryar Sahel a Yamai ma ta daɗe tana yi, ga kuma gidajen rediyon jihohi. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa tun 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun yi babban littafi a kan Shata, ɗalibai a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun rubuce baitoci cikin kundayen digiri. Ilimin yana cikin takarda, sautin yana kan zare, sai dai ba su haɗu a wuri ɗaya da mai sauraro zai kai hannu ba. Zaren kaset kuma ba ya jira: zafi na cinye shi, laima na sa masa fumfuna, injinan da ke juya manyan zaruruwan rediyo sun zama kayan tarihi, masu gyaransu suna ƙarewa.

Na san za a ce gwamnati na fama da yunwa da rashin tsaro, wa zai ware kuɗi don tsohon kaset. Aikin bai kai tsadar da ake zato ba. Inji mai kyau ɗaya, kwamfuta, ɗaki mai sanyi, da ma'aikata biyu ko uku masu haƙuri sun isa a fara, kuma akwai asusun ƙasashen waje da aka kafa musamman don ceto irin waɗannan taskoki, kamar wanda ya biya aikin Gini. Attajiran da kakanninsu ke cikin waɗannan waƙoƙi, da masarautun da aka yi wa su, suna da dalili nasu na sa hannu. Abin da ya fi gaggawa ma bai buƙatar inji. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, amma har yanzu akwai sauran makaɗa da 'yan amshi da tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka zauna da su. Su ne za su ji waƙa su ce an yi ta a gari kaza, shekarar da aka naɗa wane, kuma zambon da ke ciki da wane ake. A zaunar da su a kunna musu waƙa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da suka faɗa a gefen sunan kowace waƙa, a rubuta sunayen magada da yadda za a raba abin da aka samu in an sayar. Ranar da wani kamfani daga waje ya zo neman abin bugawa, zai tarar da jeri da sharuɗɗa da mutanen da za su ce masa ga wadda muka fi ɗauka da daraja, ga kuma fassararta.