Jinjina ga Likitocin Siririn Bututu

Jijiyar da ke kai jini saifa takan kumbura shiru, musamman ga matan da suka haihu da yawa, kuma in ta fashe lokacin goyon ciki, uwa da jariri duka suna cikin haɗari. Da, sai an yanka ciki, wani lokaci a cire saifar dungum. Yanzu likitan hoto yakan huda jijiyar saman cinya, bisa dabarar Seldinger ta 1953, ya zura siririn bututu yana kallon allo, ya bi lanƙwashe-lanƙwashen jijiyar har wurin kumburin, ya cusa murɗaɗɗun wayoyi su toshe shi. Saifa takan ci gaba da samun jini ta jijiyoyin tumbi. Sannunku da aiki, masu sanyin hannu!